Gulbin da ke Cikin Kaset

Shagon Baban Priscilla yana kan hanyar tsohuwar kasuwa a Birnin Kebbi, tsakanin tela da mai facin taya. Sunansa Silvanus, mutumin Filato ne, amma ya daɗe a garinmu har in ransa ya ɓaci da Kabanci yake faɗa. Gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa. Ni da 'yarsa Priscilla ajinmu ɗaya a sakandare, bencinmu ɗaya, kuma a shagon nake yada zango in an tashi, saboda akwai fanka, akwai kuma wani lungu a bayan kanta inda mutum zai buɗe littafi ba mai cewa ya tashi ya yi shara. Sunana Riskuwa. Ba ni da baki. In babba ya ɗago ido ya kalle ni, duk abin da na shirya faɗa sai ya watse. Shi ya sa nake rubuta wannan, don na gwada ba da shi da baki har sau uku ban kai ƙarshe ba.

A bazarar bara, ta 1990, wani dillali ya zo daga Legas ta hanyar Sakkwato da kayan gem. Inji ne ɗan ƙarami, bai fi burodi biyu ba. Ana haɗa shi da talabijin, a cusa masa kaset ta sama, a riƙe wani abu mai maɓallai da yara ke kira hannu. Da shi ake sarrafa abin da ke cikin gilashi. Ranar da na fara ganin mutum ya latsa yatsa a nan, wani abu ya motsa a can, sai da na leƙa bayan talabijin ɗin.

Wasa iri biyu dillalin ya kawo da yawa. Na farko tseren mota ne, muka sa masa suna Jar Mota. Shi kam da gatansa ya zo. Kowane kaset da kwalinsa mai ƙyalli, da ɗan littafi mai hotuna. Ga fasta, hoton liƙa wa bango mai tsawon ƙofa, ga sitika ta liƙa wa keke, ga kalanda, har da huluna biyar na wanda ya fi kowa gudu. Dillalin da kansa ya kwana biyu a garin, ya fito da talabijin bakin shago yana nuna wa mutane yadda ake shan kwana. Kafin sati ya zagayo samari daga Ambursa suna zuwa a kan babur, uku-uku, suna tambayar Jar Mota da sunanta.

Na biyun guda goma sha biyu ne a cikin leda ɗaya, ɗaure da roba. Launin toka. Ba kwali, ba takarda. A goshin kowanne akwai ɗan zanen kifi da wani rubutu mai kama da sawun kaji, wanda ko malamin Turancinmu ya juya shi sama da ƙasa ya mayar.

Baban Priscilla ya ɗaga ledar ya ce, "Wannan fa? Ina kayansa?"

Dillalin ya ce, "Oga, haka aka ba ni. Na tambayi mutanen kamfanin ko da fasta ɗaya, suka ce ƙarfinsu yana kan wani wasan da za su fitar da Kirsimeti. Wannan dai sun riga sun buga shi, sai su rabu da shi."

"To me ake yi a ciki?"

"Kamun kifi, ina ji."

"Kana ji?"

"Ban taɓa kunnawa ba, Oga."

Ni na kunna. A talabijin ɗin gwaji na shago, wani tsoho mara launi. Da an cusa kaset sai ga gulbi, ga ciyawa a gefe da gefe, ga wani ɗan mutum da malafa zaune a jirgin kwalekwale. Wani kiɗa siriri yana tashi, kamar sarewar da ake busawa daga tsallaken ruwa. In ka latsa maɓalli ya jefa fatsa. In igiyar ta motsa ka sake latsawa, sai ga kifi yana wutsil-wutsil, lamba ta ƙaru a kusurwa. Daɗinsa ba ya misaltuwa. Sai dai in ka kama kamar ashirin, shi ke nan. Kiɗan ya ɗauke. Ruwan ya tsaya cik. Ka jefa fatsa sau hamsin, ba abin da zai taɓa ta. In ka kashe ka kunna, a koma farko, a sake kama ashirin, a sake mutuwa.

Uku aka saya, ukun aka dawo da su. Na ƙarshen uban yaron ne ya kawo da kansa, ya tsaya a bakin shago, tela yana ji, mai faci yana ji, ya ce ashe yanzu mataccen kaya ake sayar wa 'ya'yan mutane a nan. Baban Priscilla ya miƙa hannu. Ya karɓa, ya ba shi Jar Mota a madadi. Sai da mutumin ya tafi ya juyo wajenmu.

Ya ce, "Shekara goma sha shida a garin ga, ba wanda ya taɓa ce mini haka."

Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da kaset ɗin Jar Mota da yara suka fasa wa ɓawo, wasu an taka, wasu sun faɗi daga keke, cikinsu lafiya lau, jikin ne ya tafi.

Ya ce, "Ran Litinin zan buɗe na kifin nan duka. In zubar da cikin, in sa waɗannan a ɓawon. Ko ba komai ɓawonsu mai kyau ne."

Ina lungu na ji. Me zan ce? Ni ma na ga ruwan yana mutuwa. Duk lokacin da ya mutu nakan yi sauri in kashe, don kunyar a ce ina ƙona wa mutane wuta a kan hoton da ba ya motsi. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Wanda ya zauna ya zana yadda ciyawar nan ke kwanciya in iska ta bi ta kanta, wanda ya sa malafar mutumin ta ɗan karkace in ya ja kifi, ban ga alamar mai aikin ganganci a tare da shi ba. Na faɗa wa Priscilla haka a hanyar gida.

Ta ce, "Ke dai kin cika son abin tausayi. Littafin da ba bango, kyanwar da ba ido, yanzu kuma kaset."

"Ran Litinin fa ya ce."

"To ki je ki gaya masa."

"Ke dai ki gaya masa."

"In ce me? Riskuwa ta ce malafa tana karkacewa?"

Ranar Asabar Baban Priscilla zai kai wa Kawu Ummaru, ƙanin mahaifiyata, talabijin ɗinsa mai launi da aka gyara, can Argungu. Mahaifiyata ta ce in bi su in kai wa kakata maganin ƙafa. Tun da gidan talabijin na Sakkwato ba ya buɗewa sai yamma, dole a tafi da injin gem don a gwada hoto da rana. Da na ji haka, na zare kaset ɗaya daga ledar na tura tsakanin littattafaina. Ba wata dabara nake da ita ba. So nake kawai in ga gulbin nan da launinsa sau ɗaya kafin Litinin.

Muka tafi a a-kori-kurarsa, ni da Priscilla a baya muna rungume da talabijin kamar mara lafiya. Bayan Ambursa fadama ta buɗe a hagu, an gama yankan shinkafa, shanu suna kiwo a kan kututturen. Jakata tana kan cinyata, ina jin kusurwar kaset ɗin tana tokare ni duk ramin da muka faɗa.

Kakata sunanta Baiwa. 'Yar masunta ce daga Gulma, ta yi shekara arba'in tana bandar kifi a Argungu, har bangon gidan ya ɗauki ƙamshin. Muka same ta a tsakar gidan da take zaune da Kawu, a kan tabarma, ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

Ta ce, "A'a, malama ta zaka! An zo a koya muna boko? Zo in gani ko karatun ya bar maki nama a jiki."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta matsa mini hannu ta ce ƙashi ne zalla. Ta dubi Priscilla ta ce wannan ita ce ɗiyar kirki, ta san abin da ake yi da tuwo.

Aka shigar da talabijin falon Kawu. Baban Priscilla ya haɗa wayoyi, ya cusa Jar Mota, ja ya fito ja, kore ya fito kore, Kawu ya yi ta godiya. Daga nan Kawu ya ce akwai wani abokinsa a bakin kasuwa da rediyonsa ke shaƙewa, ko za a leƙa. Suka fita tare. Baban Priscilla ya ce da mu minti talatin, kada mu taɓa komai.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba na zare Jar Mota na cusa nawa.

Wayyo. Ashe ruwan shuɗi ne, shuɗi mai duhu a tsakiya, mai haske a gefe. Ashe ciyawar kala biyu ce. Ashe malafar ruwan ƙwai ce, kuma akwai wani jan zare a bakinta da ban taɓa sanin yana nan ba. Na durƙusa a gaban gilashin, na ma manta da hannun. Priscilla ce ta ɗauka ta fara jefa fatsa.

Kiɗan ne ya jawo Kaka. Ta shigo tana dafa bango, ta tsaya a bayanmu.

"Mi na wanga?"

"Wasa ne, Kaka. Kamun kifi."

"Wa ak kamun? Wanga mai malhwa?"

"Priscilla ce ke sa shi."

Ta nemi kujera ta zauna. Ta zuba ido tana kallo. Priscilla ta ƙware, tana jefawa tana ja, lamba tana hawa. Bakwai, takwas. Kaka ta fara gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba.

Ta ce, "Ke ɗiyar ga, wancan ɗan tsito na. Mai da shi."

Priscilla ta ce, "Kaka, ba a mayarwa. Lamba ake tarawa."

"Lamba za ki ci?"

Muka yi dariya. Sha biyar, sha tara, ashirin da ɗaya. Sai kiɗan ya ɗauke. Ruwan ya tsaya. Priscilla ta jefa, ta jefa, ta sake jefawa, sannan ta miƙa mini hannun.

Ta ce, "Ga gawarki nan. Kin gan ta da launi, sai ki yi mata addu'a."

Na ce wa Kaka, murya ƙasa-ƙasa, "Nan yake lalacewa. Kullum nan. Shi ya sa ba ya sayuwa."

Kaka ta matso da kujerarta har gwiwarta ta kusa taɓa teburin. Ta ƙura wa ruwan ido, irin kallon da take wa kifi in an kawo mata tana son ta san ko na jiya ne.

"Wa ag gaya muku ya lalace?"

"Ba ya kamuwa, Kaka."

"To ƙaƙa za shi kamuwa? Kun kwashe uwa, kun kwashe ɗiya, kuna ta dukan ruwa awa masu wanki. Ruwan ga ya gaji. Aje abin ga."

"In kashe?"

"Na ce ki kashe? Aje shi ƙasa. Ki ɗauke hannunki."

Na ajiye.

Ta ce, "Mu can Gulma, in anka ga tabki ya yi haka, Sarkin Ruwa shi ka hana shi. Ba mai jefa ko zare. Wanda anka kama ya shiga, sai ya yi bayani gaban dattawa. A bar shi shi kaɗai da Ubangijinai. Ke ba ki ga na garin ga ba, da ba a taɓa shi sai shekara ta zagayo?"

Priscilla ta ce, "Kaka, wannan fa inji ne. Ba ruwan gaske ba ne."

"Wanda yay yi shi ya san ruwa. Dubi inda ya aje jirgin, bakin ciyawa, inda inuwa take. Wanga ɗan masunta na, ko jikansu. Ku tashi ku ɗauko mani hura."

Priscilla ta tafi ɗauko furar. Ni na zauna ina kallon hoton da ba ya motsi. Minti ɗaya, biyu. Yatsuna suna ƙaiƙayi. Sai a lokacin na lura ban taɓa barinsa haka ba. Ba wanda ya taɓa. Ko dai a yi ta latsawa, ko a kashe.

Ba a fi minti biyar ba na ji tsayuwar mota. Mai rediyon ba ya nan, sun dawo da wuri. Baban Priscilla ya shigo yana share gumi, Kawu a bayansa. Idonsa ya sauka a kan talabijin, ya ga ruwan, ya ga mai malafa. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya kawo wannan abin nan?"

Priscilla tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu.

"Har Argungu za a biyo ni da shi a kunyata ni? Malam Ummaru, ba talabijin ɗinka ba ne, kaset ɗin ne matacce. Ku tashi mu tafi, ina da aiki a shago."

Ya nufi bango inda wayar take.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina tsaye tsakaninsa da soket, bayana manne da bango. Ban taɓa tsayawa a gaban babba haka ba, ko a gida.

Ya ce, "Riskuwa?"

Na ce, "Baba." Na sake cewa, "Baba, don Allah. Hutawa yake yi."

"Wa ke hutawa?"

"Ruwan."

Kawu ya fashe da dariya har da dafa ƙofa. Ya ce, "Inna, kin ji abin da boko ka yi ma ɗiyan mutane?"

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni nac ce a bar shi. Mai talabijin, zamna. Ka shigo gidana tun ɗazu ko ruwa ba ka sha ba, sai a ce Baiwa ta yi rowa. Zamna ka sha hura. In ka shanye, ka cire abinka."

Baban Priscilla mutum ne mai ganin girman tsofaffi. Ya dube ta, ya dube ni, ya sauke numfashi. Ya ce, "To, Mama." Ya zauna a bakin kujera, irin zaman wanda bai yi niyyar daɗewa ba.

Kaka ta karɓi ƙwaryar ta fara damu. Ban taɓa ganin an dama fura a hankali kamar ranar ba. Ta murƙushe kowane dunƙule shi kaɗai. Ta ce nonon ya yi kauri, a ƙaro ruwa. Aka ƙaro, ta ce ba na randa ba ne, a sake. Tana yi tana tambayarsa labarin garinsu, wai da gaske ne dankalin Turawa a ƙasa yake fitowa kamar rogo. Ni ina tsaye a bango ban motsa ba, ina satar kallon gilashin ta gefe. Ba abin da ya canza. Na fara lissafin yadda zan ƙara shiga shagon nan bayan yau. Na ga ba hanya.

Aka miƙa masa ludayi. Ya sha ɗaya, ya sha biyu. Ya kai na uku bakinsa.

Priscilla ce ta fara gani. Ta ce, "Daddy." A hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

A gefen ciyawa wani ɗan farin abu ya ɓullo a kan ruwan. Ya buɗe. Furen bado ne. Wani ya buɗe a kusa da shi, sannan wani. Sai sarewar ta dawo, amma ba irin ta da ba, wannan ta fi zurfi, akwai wata ta biyu tana amsa mata. Balbela ta sauko daga saman gilashi ta tsaya a kan hancin jirgin. Mai malafa, wanda ba wanda ke riƙe da hannunsa, ya ɗaga kai ya kalle ta.

Kawu ya ce, "La ilaha illallahu."

Ƙananan inuwoyi suka fara gilmawa a ƙarƙashin ruwa, uku, goma, ba adadi. Na kai hannu zan ɗauki abin latsawa.

Kaka ta ce, "Kul. Ɗiya na. Bari su wuce."

Na janye. Sai ciyawar da ke can ƙarshen gulbin, wadda duk muka ɗauka bango ce, ta rabe biyu. Ruwa ya ja jirgin a hankali ya bi ta tsakiya. Muka fito wani tabki da ba shi da gaɓa, sama ta zama ruwan goro, rana tana kwance a kan ruwan tana rawa. Duk wannan yana cikin abin da na ɗauko tsakanin littafin lissafi da na tarihi. Yana cikin guda goma sha ɗayan da ke cikin leda a ƙarƙashin kanta. Har da ukun da aka dawo da su, yana ciki yana jira, ba wanda ya ba shi minti goma sha biyar.

Daga ƙasan gilashin wata inuwa ta taso. Da farko na ɗauka gajimare ne. Ta yi ta tasowa, ta bi ta ƙarƙashin jirgin, kanta ya wuce hancinsa wutsiyarta ba ta iso bayansa ba. Jirgin ya ɗaga, ya sauka. Balbelar ta tashi.

Kaka ta ce, ƙasa-ƙasa, "Giwan ruwa." Ta ɗora hannu a ƙirji. "Sau guda nig ga irinai, ina ɗiya, cikin jirgin babana. Bai jefa mashi komi ba. Ya cire hula."

Ba wanda ya jefa fatsa. Ba wanda ya ma tuna. Muka bi ta da ido har ta nutse. Ludayin yana hannun Baban Priscilla, fura tana ɗiga a kan wandonsa bai sani ba.

Da ya yi magana, ba da mu yake ba. Ya ce, "Wani ya zauna. Wata nawa, Allah kaɗai ya sani. Ya ɓoye wannan duka a ciki." Ya girgiza kai. "Takarda ɗaya. Layi ɗaya ma. A ce, in ruwa ya tsaya, ka jira. Sun buga wa mota kalanda, wannan ko layi ɗaya ba a ba shi ba."

Kawu ya ce, "To ai ba kamfani guda na ba."

"Ko ma na wane ne. Wanda ya haifi abu ya san yadda ake riƙe shi. In bai faɗa ba, ni a Birnin Kebbi ina zan sani? Ni ma da na karɓa ban zauna da shi ba. Na ga ba fasta, na ɗauka ba komai."

A hanyar komawa ya ce mu shigo gaba. Muka wuce rabin hanya. Ni ina manne da ƙofa, ina jiran faɗan tsayuwar da na yi a gabansa.

Ya ce, "Riskuwa."

"Na'am, Baba."

"Ba zan buɗe su ran Litinin ba. Amma ki ji. Ni ba ni da fasta, ba ni da hula. Yaran nan Jar Mota suke so, kuma ba laifinsu ba ne, ita aka nuna musu. In na ajiye wannan haka tsirara, haka zai zauna har ya yi ƙura. An ce kina da rubutu mai kyau."

Priscilla ta ce, "Ita ke rubuta wa rabin aji wasiƙa."

"To ke ce kamfanin yanzu. Ki rubuta takarda da Hausa, kowane kaset da tasa. Ni kuma zan ba shi talabijin a bakin shago ranar Laraba da yamma. Ranar kaɗai."

Kwana uku na yi a kan takardar. Na yaga ta fi goma. Ban san minti nawa zan ce a jira ba, sai da muka auna da agogon shago sau huɗu, muka ga in an mayar da ƙananan kifi, ashe akwai maɓallin yin haka, jiran ba ya kai rabin na Argungu. Sai rigima ta tashi tsakanina da Priscilla. Ita ta ce in zana giwan ruwan ƙato a saman takardar, shi zai jawo mutane. Ni na ce in an gan shi a takarda, an rage wa mutum abin da muka samu a falon Kawu. Ta ce da wannan tunanin nawa ko ƙosai ba zan sayar ba. Muka kai ƙara wurin babanta. Ya ce wannan ita ce tambayar da manyan kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata a kanta, mu biyu mu ƙarata. A ƙarshe na zana jirgi da furen bado, na rubuta yadda ake jefawa da yadda ake mayarwa, a ƙasa na sa: In ruwa ya yi shiru, bai lalace ba. Ajiye hannun, ka bar shi ya huta.

Laraba ta farko samari suka taru, suka ga an ajiye hannu ana kallon ruwa, suka ce a sa musu mota. Biyu kawai suka tsaya har ƙarshe, kuma ba su saya ba. Ba zan yi ƙarya ba, har yau Jar Mota ta fi shi fita nesa ba kusa ba.

Laraba ta biyu, wajen la'asar, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Malama Asiya ta zo karɓar rediyonta. Tana jira a ɗaure mata shi, idonta ya kai kan takardata da ke jingine da kaset. Ta ɗauka ta karanta har ƙasa. Ta ce tana da 'yan biyu da ba sa iya zama wuri ɗaya ko na minti guda.

Ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Baban Priscilla ya nuna lunguna da haɓa. Na fito ina gyara mayafi.

Ta ce, "To 'yammata, in na bar shi ya huta, me zai faru?"

Na dubi Priscilla. Ta zaro mini ido, tana nufin in faɗa, in faɗa duka.

Na ce, "Anti, ba zan gaya miki ba."

Malama Asiya ta kalle ni ta saman tabarau. Sai ta yi dariya, ta tura kaset ɗin da takardar gaban Baban Priscilla.

Ta ce, "Haɗa mini da rediyon."